In Ka Ɓare, Garanti Ya Mutu

Ranar Laraba da hantsi jitar mijina ta shaƙe, bikin ƙanwarsa Joy kuwa ranar Asabar. Ina kan keke ina haɗa hannun rigar amarya, sai na ji abin ya yi gurnani daga falo, ya yi tari sau biyu, ya yi ɗif. Can sai ga muryar Nathan: "Maman Treasure! Zo ki ga abin da ya same ni!"

Na fito da allura a baki. Ga shi tsaye, jita rataye a wuya, yana jan tsirkiya amma lasifika ko ƙis. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya canza waya, har hura mata iska ya yi. Shiru kake ji.

Bari in gaya muku yadda Nathan yake da jitar nan. Irin mai tsirkiya huɗu ce, mai muryar ƙasa, wadda suke ce wa bes. Wata biyar da sayenta, amma ledar da ta zo da ita har ranar tana manne a gabanta. Hankicinta daban. In 'yarmu Treasure ta gifta kusa da ita da biskit a hannu, sai an yi shari'a a gidan. Ko wayar da ke haɗa ta da lasifika ba ya zarewa, wai yawan sawa da cirewa zai buɗa mata rami. Ni da aka biya sadakina ban taɓa samun irin wannan lallaɓar ba.

Amma ranar ban yi masa dariya ba, don na san abin da ke cin sa. Surukina, Baba Yamusa, shekara talatin ya yi yana jan muryar ƙasa a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu da ke Kurudu. In ya buɗe baki, har bencin da kake zaune sai ya amsa. Akwai wata waƙa da ya haɗa da kansa da yaren Gbagyi, kuma tun Joy tana 'yar firamare take cewa da ita za ta shiga coci ranar aurenta. Bara Ubangiji ya kira shi. Nathan kuwa Allah bai ba shi muryar ubansa ba, tasa siririya ce, in yana waya ma wasu Madam suke ce masa. Shi ya sa ya sayi jitar, ya zauna wata da watanni yana koyon wurin da Baba yake ja, har ya iya. Ya yi wa Joy alkawari: ranar nan za ta ji muryar Baba.

"Juya ta in gani," na ce.

A bayanta akwai wani ɗan murfi baƙi da sukuru huɗu. Na ce to ai cikinta ke nan. Ni da nake farke keken ɗinkina in mayar duk lokacin da ya yi mini taurin kai, wannan ce za ta gagare ni? Na juya zan ɗauko sukudireba, sai mutumin nan ya yi tsalle ya tare ni.

"Kar ki taɓa! Ba ki ga sitika ba?"

Na duba. Wata jar sitika ce a kan sukuru ɗaya, an buga mata rubutu ƙanana: In ka ɓare, garanti ya mutu.

"Shekara ɗaya cur suka ba ni," in ji shi. "Ina da rasit. Haƙƙina ne, su za su gyara."

To, na ce mu je mu karɓi haƙƙin. Ranar Alhamis da sassafe muka kama hanyar Gwarinpa, mota uku muka canza. A kowace Nathan ya rungume jitar a gaba, ni aka cusa ni baya tsakanin buhun doya da wata mai ƙaton ɗaurin ɗankwali.

Mai shagon, Alhaji Badaruddeen, Bakano ne mai fara'a. Fanka yake sayarwa, da dutsen guga, da lasifikoki, sai jita biyu ƙanana rataye a bango. Ina shiga na lura duk abin da ke shagon yana da jar sitikar nan, har butar dafa ruwa. Ya sa aka kawo mana lemo, ya karɓi jitar, ya jijjiga ta kusa da kunne kamar mai sayen kwakwa.

"Oga Nathan, garantinka yana nan daram. Za mu tura ta Legas. Sati uku in sha Allahu ta dawo."

"Alhaji, jibi ne fa bikin!"

"Kai, Allah ya sa alheri, Allah ya ba da zaman lafiya. Sai dai ka ga mutanen Legas ba su san da bikin ba."

Na ajiye lemon na ce, "Alhaji, don Allah me ke ƙarƙashin murfin da ka manna wa sitika?"

"Wallahi Madam ban sani ba. Ni dai duk abin da na ga sukuru a jikinsa, manna masa nake, saboda masu tone-tone."

Ka ji fa! Na kalli Nathan, na zaci yanzu idonsa zai buɗe. Ina! Cewa ya yi zai je ya yi tunani. A mota ya kira Wisdom, abokinsa da ke da irin jitar, ko zai ara masa. Wisdom ya ce ya yi haƙuri, shi ma ranar yana da wasa a Kuje. Muka dawo gida da jitarmu yadda muka kai ta.

Ranar Juma'a da safe Joy ta zo gwada riga. Ta tarar da yayanta a falo ya sa jita a gaba, rasit a hannu, ko shayinsa bai sha ba. Yarinyar nan akwai kawaici. Ta ce, "Yaya, ka bari kawai, ba komai. Piyano ma ya isa." Har da murmushinta. Amma muna shiga ɗaki, ina durƙushe ina kafa fil a gindin rigar, sai na ji ɗigon ruwa a bayan hannuna. Na ɗaga kai, ta yi saurin juya fuska ta ce wai fil ne ya soke ta. Ni kuwa na san ko kusa da ƙafarta ban je ba.

Nan raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Na jawo durowar keke, na ɗauko ƙaramin sukudireba, na fito na dire shi a kan tebur har kofin shayi ya yi tsalle.

"Baban Treasure, saurara. Ƙanwarka tana ciki tana kuka. Sati uku ka ji an ce. In ta dawo daga Legas wa za ka kaɗa wa? Ni?"

"In aka buɗe aka lalata fa? Ba garanti, ba jita."

"To an lalata! Yanzu da take da garantin, waƙa take yi? Ni dai ba zan taɓa ba, kar gobe ka ce ni ce. Kayanka ne, ƙanwarka ce."

Na naɗe hannu na tsaya a kansa. Ya kalli rasit, ya kalli labulen ɗaki. Ya daɗe, har na fara tunanin ko in fasa maganata in fizge abin. Sai ya ajiye rasit ɗin, ya kwantar da jitar a kan filo, ya sa farce a gefen sitika. A hankali yake ɓarewa, harshe a waje, wai ko za ta fito lafiya a mayar. Ta zo tsakiya ta yage ɓarat. Ya rufe ido ya ce, "Shi ke nan." Sannan ya miƙo hannu ya ɗauki sukudireban.

Sukuru huɗu, murfi ya tashi. Muka leƙa tare har kawunanmu suka gwaru. Ba waya a tsinke, ba abin da ya ƙone. Batir ne kwance a ciki, ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu.

"Batir?" in ji Nathan. "Jita tana da batir?"

"Ina littafin da ta zo da shi?"

Yana cikin kwali, a cikin ledarsa, ba a taɓa buɗewa ba, kar ya tsufa. Joy ce ta fito sanye da rigar amarya rabi a kafe da fil, ta yage ledar ta karanta mana. A shafi na biyu aka ce in an gama kiɗa a zare waya, in ba haka ba batir zai yi ta ci har ya mutu. Wata biyar ke nan waya tana soke dare da rana, don kar rami ya buɗe.

Jama'a, na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Joy tana dariya tana share hawaye. Shi kuwa sai cewa yake, "To ai ba wanda ya gaya mini."

Batirin ban sha wahalar nemansa ba. Irinsa ne a makirufon Zumuntar Matan cocinmu, kuma makullin akwatin da ake ajiye shi yana hannuna. Na aro da niyyar in saya in mayar kafin gobe, hidimar biki ta sa na manta. Shi ya sa ranar Asabar shugabarmu Mama Christina, wadda in ta kama yi wa amarya nasiha sai an tsamo ta, ta bubbuga makirufo ta ji shiru, ta gama a minti biyar. Har yau ba ta san dalili ba, kuma kar wanda ya gaya mata.

Amma kafin nan, da aka buɗe ƙofar coci, Joy ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da hannun kawunsu. Matan kwaya suka ɗauki waƙar, siririya, a sama. Baiti ɗaya, biyu. Sai Nathan ya shigo daga ƙasa.

Na ji shi a benci kafin in ji shi a kunne. Joy ta yi taku uku ta tsaya cak, ta juya kai wajen kusurwar da Baba yake tsayawa. Yayanta ne a wurin, hawaye na zuba a kan ledar jitarsa, bai ko damu ya goge ba.

Ina zaune kusa da surukata, wadda idonta ya yi rauni tun bara. Ta damƙi hannuna da ƙarfi.

"Hannah, wa ke jan ƙasan nan?"

Na buɗe baki zan ce ɗanki ne, sai ta girgiza kai ta ce in bari, ta san muryar.