Tabon da Aka Goge

Da almuru fuskar da na'ura ke haskawa ta cika bangon makarantar unguwa, ta ƙifta ido, ta yi murmushi. Mata suka yi ta alamar gicciye a ƙirji. Emerita dai na tsaye riƙe da kwandon kifinta, tana kallon wani kyakkyawan baƙo.

"Ga Wilfridonki nan, Mama," in ji Maryuri, shugabar masu zanen da suka zo daga babban birni. "Haka kamanninsa za su kasance yau. Mun baza shi a wayoyi, duk wanda ya gan shi ya kira mu."

Tun daminar bara masu zanen ke bin gida-gida suna karɓar hotunan samarin da 'yan bindiga suka kwashe daga bakin tashar jiragen ruwa shekarun baya. Na'urarsu ce ke ƙara wa hoton shekaru. Hukuma ta daɗe da daina nema, saura iyaye mata.

Nicasia maƙwabciyarta ta zungure ta.

"Ke, yaushe kika haifi ɗan gwamna ban sani ba? Wilfridon da na goya baƙi ne wuluk. Ina tsagar leɓensa?"



*

Hoto ɗaya Emerita ke da shi, na ranar da Wilfrido ya gama sakandare. Kowa a unguwar ya san aikin mai hoton kasuwa: ya haska fata, ya rage hanci, ya share tabo, tun ba a roƙe shi ba. Da irin wannan hoton ake neman aiki a birni. Ta rataye shi a ɗaki har idonta ya saba da shi, kuma shi ta miƙa wa masu zanen, don ba a ba baƙi hoto sai mai kyau.

"'Yata, a gyara min," ta ce da Maryuri. "Ƙugiyar kamun kifi ta tsaga masa leɓe yana ƙarami. Nan, ta hagu."

"Na'urar abin da aka ba ta take bi, Mama. Ba wani hoton?"

"Babu."

"Wayyo. Kuma tun rana muka tura shi ko'ina."

Tsoro ya kama Emerita. Ko Wilfrido na zaune kusa da mai wayar, ba wanda zai waiga ya dube shi.

Ta je wurin mai gasa ayaba ta ɗauki gawayi, ta hau kujera a jikin bangon, ta ja layi a leɓen fuskar ta hagu. Fuskar ta juya kaɗan, ta sake murmushi, layin ya koma kan kumatu. Ta jira har ta dawo daidai, sannan ta sauko.

*

Washegari masu zanen suka naɗe wayoyin na'urarsu suka wuce unguwa ta gaba. Emerita ta bi ta makarantar da kwandonta a ka. Bangon fari fat, sai ɗan baƙin layi guda can sama, mai gadi kuma yana tahowa da bokiti da tsumma.