Dutsen Malam Thaddeus

"Baba Soja, ka ga ikon Allah? Malmala biyu ya tashi da su!" in ji Justina, tana nuna kwanon da mijinta ya suɗe.

Malam Thaddeus, tsohon malamin kimiyya, ya daɗe a kwance, ciwon hanta na cinsa. Yau ga shi zaune a tsakar gida, har da gyaran gashin baki.

Gaban maƙwabcinsu Baba Jacob ya faɗi. Shi da ya je yaƙin basasa ya dawo da ƙafafunsa, shi da kububuwa ta sara ta mutu ta bar shi, duk Kurudu an san bai gaji tsoro ba. Amma ya san irin wannan sauƙin. Ya gan shi a fuskar matarsa, ana gobe za ta tafi.

"Zauna, tsohon soja," Thaddeus ya ce. "Yau dutsena na sararin sama zai fito. Rana na faɗuwa yamma, shi yana ɓullowa gabas, mu muna tsakiya."

"Dutse a sama? Ni da na kwana a duwatsun Nsukka ban ga mai tashi ba."

"Wannan ya fi naka girma, kuma ba ya cika baki."

Ya sa Justina ta zubo yashi a faranti, ya haska tocila daga gefe. "Ka ga kowace ƙwaya da inuwarta? To, riƙe tocilar daidai idonka."

Baba Jacob ya riƙe. Yashin ya yi fari tas.

"Inuwar ta ɓuya a bayansu. Haka dutsen yake yi yau, haskensa ya ƙaru farat ɗaya. Masu manyan na'urori har auna yadda hasken ke karkata suke yi, su gane gari ne a jikinsa ko tsakuwa."

"Bayan yau fa?"

"Sai inuwar ta dawo."

Thaddeus ya faɗe ta yana kallonsa, bai ƙifta ba. Justina kuwa tana bakin murhu tana 'yar waƙar coci.

"Na ma ce wa Simon ya yi zamansa a Gwagwalada," ta ce. "Aiki ya yi masa yawa, ga babansa ya warware."

Baba Jacob ya miƙe. Ya taɓa kai wa uwaye labarin mutuwar 'ya'yansu bakinsa bai yi rawa ba. Yau kuwa sai ya kewaye maganar.

"Maman Simon, kira yaron nan ya taho yau."

"Yau? Ana ta kiran magariba, ga go-silo a Nyanya?"

"Ya zo ya ga dutsen."

Ta yi dariya, sai idonta ya sauka kan hannunsa. Tocilar na kaɗawa, haskenta na yawo a bango. Ta ajiye ludayi a hankali, ta shiga ɗaki neman waya.

Simon ya iso da ƙurar acaɓa a wandonsa. Uban ya ɗora masa madubin hangen nesa a ido, ya riƙe masa gwiwar hannu har ya samo ɗan ɗigon. Baba Jacob ya ƙi dubawa, wai idonsa ya fi ƙarfin gilashi.

Da safe kukan Justina ya haura katanga. Baba Jacob ya shigo ba takalmi. Farantin na nan gefen kujera, rana ta bugo shi daga gefe, kowace ƙwaya da inuwarta.