Ranar Juma'a a Jadawalin Azariya

Azariya bai zaɓi kwasakwasan aji uku na jami'a da zuciyarsa ba, da kalanda ya zaɓe su. Tun da babur ya kayar da babansa a hanyar Kagoma ƙafa ta karye, cittar gonarsu ba ta da mai tono sai shi. Juma'a da Asabar yake nema, kwana biyu kowane mako, har a gama kafin ta lalace a ƙasa.

Na tilas guda biyar ne, ba ruwansu da son kowa, kuma duk sun faɗo tsakanin Litinin da Alhamis. Saura na zaɓi ɗaya. A sashen lissafi akwai wani kwas a kan sirrin lambobi, wanda tun yana aji ɗaya yake jira. Ran Juma'a ake yin sa. Ya daɗe yana kallon sunan kwas ɗin a takarda, sannan ya ja masa layi, ya ɗauki wani na ƙididdiga da ake yi Talata, wanda ko sunansa bai taɓa burge shi ba.

Madam Roseline, malamar da ke sa hannu a fom ɗin 'yan ajinsu, ta dube shi ta saman tabarau. Ta tuna masa cewa wancan kwas ɗin ba kowace shekara ake samun mai koyar da shi ba, kuma shi ne ya dace da kansa. Ya ce ya sani, Ma. Ta sa hannu.

Aka rufe rajista. Bayan kwana tara sabon jadawali ya fito.

Uche, abokinsa ɗan layin dogo, shi ya jawo shi gaban allon sanarwa.

"Mutumina, duba kwas naka. Ya yi tafiya."

Ashe malamin ƙididdigar daga Kaduna yake zuwa, kuma ba ya samun sarari sai ƙarshen mako. An mayar da darasinsa Juma'a da rana, gwaji kuma Asabar da safe. Kwas ɗin lambobin da ya soke kuwa an dawo da shi Talata, don a ba baƙo ɗakin.

Ya koma wurin Madam Roseline. Ta saurare shi har ƙarshe, ba ta katse shi ba. Ta ce canji ya wuce hannunta, sunaye sun riga sun tafi. Wanda kuma bai cika kashi saba'in da biyar na halarta ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Kwas ɗin zai bi shi har aji huɗu. Ta tambaya ko babu wani a gida da zai tone cittar. Ya ce akwai Mama. Bai faɗa mata bayan Mama ba ya sunkuyuwa ba.

A gindin mangwaron bayan sashe wayarsa ta yi ƙara. Mama ce. Ta ce ganye ya bushe, maƙwabta sun fara tsaga tasu suna shanyawa, ta aro fartanya ta biyu wajen maƙwabciyarsu Afiniki.

"Jibi kana zuwa ko?"

Fom ɗin na hannunsa, da layin da ya ja da biro nasa.

"Mama, jibi Juma'a ce."

"To, ai shi na ce."

Bai faɗa mata darasi ya cinye Juma'ar ba. Ta ci gaba da lissafa masa kunyoyin da suka rage, yana ji, yana ƙirgawa tare da ita.