Sunan da Aka Ara wa Luwam

"Kin ƙona shi," in ji Rigat daga kan gado, ko ido ba ta buɗe ba. "Shekara goma sha takwas a Bolonya, har yau suyar gahawa ta gagare ki."

"Ke dai bakin nan naki ba ya ciwo," Akberet ta ce, ta miƙa mata kaskon ta shaƙi hayaƙin, yadda ake yi a gida.

Sha kam Rigat ta daina tun makon jiya, ciwon daji ya gama cinye ta. Ƙofofinsu na kallon juna a hawa na huɗu, kuma kullum hirar ɗaya ce: garinsu Segeneyti, manyan ɓauren bakin gari, yadda suke satar gugguru a bikin mutane su ɓoye a mayafi. Sai su yi ta dariya har tari ya sarƙe Rigat.

Abu ɗaya ne ba sa taɓawa, wata huɗun da suka yi kulle a wani sito a Libiya, inda masu gadi ke shigowa su nuna mace da bakin bindiga. Dukansu an yi musu fyaɗe, ba sau ɗaya ba. Rigat ta fito da ciki. Ranar da ta haihu a Italiya aka tambayi sunan uba, don a wajensu sunan uba ne ke bin na ɗa, sai ta kafa wa bango ido. Akberet ce ta yi caraf ta ba da sunan ƙaninta Tesfalem, wanda ƙishirwa ta kashe a Sahara, ko budurwa bai taɓa yi ba. Haka yarinya ta tashi Luwam Tesfalem, tana kiran Akberet Gwaggo, ba ta san komai ba.

"Baba Habtom zai zo makokina," Rigat ta ce a hankali. "Kin san shi da tonon asali. Kuma shi ya kai wa mahaifiyarku labarin rasuwar Tesfalem, ya san watan."

"Bar ni da shi."

"Kar Luwam ta ji, 'yar'uwa. Ni na sha, ya isa."

Ranar Laraba da hantsi Rigat ta cika, Luwam na makaranta.

Aka baza katifu a falo, mata suka lulluɓa da farin mayafi, gurasar injera na shiga tana fita. Rana ta uku Baba Habtom ya hawo benen yana haki, yana tsine wa wanda ya gina shi. Tsoho ne da ya haddace kakannin kowa, ba ya sakin mutum sai ya kai shi ƙofar gidansu. Yana shiga idonsa ya sauka kan Luwam.

"'Yar wa ce ke, 'yata?"

"Tesfalem, Baba. Ɗan Weldu na Segeneyti."

"Tesfalem na Weldu? Shekarunki nawa?"

"Sha bakwai."

Akberet ta ga leɓensa na motsi, yana ƙirga. Wata goma sha biyar ne tsakanin mutuwar Tesfalem da haihuwar Luwam, ba dabarar da za ta rage su. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun cikin jirgin ruwan da ya ƙetare da su daga Libiya. Tsohon ya ɗago ya dube ta. Ba ta sunkuyar da kai ba. Shi ma ta Libiya 'ya'yansa mata biyu suka biyo.

Sai ya jawo yarinyar gaban taga.

"Kai, wannan goshi! Na Weldu ne sak. Zauna nan, ai gwaggonki ba ta san rabinsu ba. Tesfalem ɗan Weldu, Weldu ɗan Kidane, Kidane ɗan Gebrai..."

Luwam ta durƙusa gabansa, hawaye bai bushe mata ba, tana maimaita sunayen tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da hannun dama ya ƙare, ta buɗe na hagu.