Da Hedley Ya Tafi Melbourne

A Rennick ciyawa ba ta fitowa. Hayaƙin matoyar tagulla ya ƙone tsaunukan tun zamanin kakanni, ruwan saman yammacin Tasmania da ba ya gajiya ya zo ya wanke ɗan abin da ya rage. Shi ya sa filin ƙwallon garin tsakuwa ce zalla. A kanta ake gudu, a kanta ake taka gadon bayan mutum a tashi sama a cafe ƙwallo da hannu, yadda wasan can yake, a kanta kuma ake faɗowa a bar mata fata. Duk namijin da ya tashi a garin, ɗage ƙafar wandonsa ka ga shaida.

Ban da Hedley Trembath. Gwiwoyinsa sumul suke har ya tsufa, domin shi a zamaninsa ba ya faɗuwa. A bangaje shi ta dama, a bangaje shi ta hagu, yana nan tsaye kamar turmi da ƙwallo a ƙirji, sai dai ka ji tim, ya narka ta ta ratsa tsakanin dogayen sanduna biyu da ake cin ƙwallo.

Gwanaye biyu garin ya fitar bayan yaƙin duniya na farko, kuma bai sake haihuwar irinsu ba. Ɗaya Hedley. Ɗayan Mossie Garrigan, ɗan siririn nan mai tsalle, wanda ya haye teku ya buga wa wani babban kulob a Melbourne, har jarida ta buga hotonsa yana shawagi bisa kawunan mutane. Hedley kuwa ya zauna. Litinin zuwa Juma'a yana cikin rami yana haƙar tagulla, Asabar ya hau tsakuwa, har ƙirji ya ce masa ya isa.

To wa ya fi wani? Wannan gardama ita ce abin taɓawa a mashayar Col Pybus fiye da shekara hamsin, kuma waɗanda ba su taɓa ganin wasan ko ɗaya daga cikinsu ba su suka fi ɗaga murya.

"Mossie a gaban dubban mutane ya yi wasa," in ji Col, yana goge kofi. "Hedley fa? A gaban karnuka da matan da suka kawo miyar kabewa."

"Kai rufe mana baki!" in ji wani. "Kakar wasa nawa Mossie ya yi a can kafin su ajiye shi? Hedley shekara ashirin ba a ga bayansa a ƙasa ba."

"A tsakuwa. Giwa a garin wani zomo ce."

"Mossie sama kawai ya sani. In ƙwallo ta taɓa ƙasa sai ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa."

"Shi kuma naku ya taɓa barin ƙasa? Ko takarda ba za ka zura a ƙarƙashin ƙafarsa ba."

"Ai da Hedley ya tafi..."

Nan kullum take tsayawa. Kowa ya san mutanen Melbourne sun biyo shi har Rennick, kuma kowa ya san ya ƙi tafiya ne saboda mahaifiyarsa, wadda rami ya cinye wa miji. Shi kansa Hedley, in an juyo gare shi a kujerarsa ta kusa da murhu, sai ya ɗaga kofi ya ce, "Da na je, da Mossie jakata zai riƙa ɗauka." A kwashe da dariya.

Baki ke nan. Abin da ke ransa daban ne, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa ta rasu. Kafin mutanen Melbourne su zo, an kai zaɓaɓɓun 'yan wasan yamma zuwa garin Burnie su gwada da na bakin teku, a kan ciyawa, an kwana ana ruwa. Ranar Hedley ya sha ƙasa. Ya zame ya tashi, ya zame ya tashi, mutumin da ba ya faɗuwa ya zama abin tafi da shewa, Mossie kuwa yana ta tashi sama. Ana busa tashi Hedley ya bar kayansa a ɗakin sauya tufafi ya nufi tashar jirgin ƙasa shi kaɗai. A cikin jirgin ya yanke wa kansa hukunci: ƙafarsa ta tsakuwa ce, ciyawa ba tasa ba ce. Da suka biyo shi gida sai ya nemi aikin ƙarin lokaci a ƙasan rami, ya aika a ce musu uwarsa ba ta da kowa.

Wannan hukuncin shi ya riƙe shi tsawon rai. In tari ya tashe shi da safe, in ya ga an rufe wani kanti, in ya tuna cewa bai taɓa taka jirgin ruwa ba, sai ya ce wa kansa, "To da ka je ma da me? Da sun koro ka." Sai ya ji sanyi. Bai yi asarar komai ba, tunda ba shi da abin asarar. Tsoronsa ɗaya a duniya shi ne wani wanda ya sani ya ce masa ba haka ba ne.

Yanzu kamfani ya ce zai rufe rami. An fara kwance gidaje ana tafiya da su a bayan manyan motoci, samari sun watse, kulob bai iya haɗa mutum goma sha takwas ɗin da wasan ke buƙata sai da aro. Aka sa wasan ƙarshe ranar Asabar, aka kuma aika wa Mossie, ya ce zai zo.

"Baba, ka sa rigar kirki," in ji 'yarsa Noelene, wadda ke kula da shi. "Yau za a kashe maganar nan. Ni da kaina zan tambaye shi a gaban Col Pybus."

"Ki bar kaza cikin gashinta."

"Ba zan bari ba. Tun ina yarinya nake dambe a makaranta a kan maganar nan."

Ruwa ake tsugawa da suka isa filin. Motoci sun kewaye shi, ana danna oda duk lokacin da aka ci. Noelene ta tafi taimaka wa mata wurin tukunyar miya. Hedley ya hango wani ɗan tsoho a ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, sanduna biyu a jingine kusa da shi. Sai da mutumin ya yi magana ya gane shi.

"Turmi! Ashe ba ka mutu ba."

"Ina zan mutu in bar ka kana yi wa mutane ƙarya? Kai, Mossie, me ya cinye ka haka?"

"Sauka. Kowa yana ganin tashi, ba mai tambayar sauka. Ƙugu ya tafi, gwiwa ta bi shi. Zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar ɗan sanda."

Ya zauna. Suka yi ta kallon wasan, wanda ba shi da daɗin kallo. Wani ƙaton mahauci da aka aro ya faɗi ya tashi da jini a gwiwar hannu, Mossie ya ja tsaki don tausayi. Suka lissafa abokan wasansu, wane ƙura ta cinye masa huhu, wane ya tafi yaƙi na biyu bai dawo ba, wane yana gidan tsofaffi bai san sunansa ba. Lissafin bai daɗe ba suka ga saura su biyu.

Hedley ya hango Noelene tana yi wa Col Pybus magana tana nuna rumfar. In dai za a yi tambayar, gara ya riga su. A gaban mutane Mossie zai yi kara, ya yabe shi, yabon da ba ya nufin komai. Amma nan, su biyu, zai faɗi gaskiya, kuma Hedley ya tabbata ya san gaskiyar. So yake kawai ya ji ta daga bakin wanda ya ga wurin da idonsa, ya tafi kabari da ita.

"Mossie, zan tambaye ka abu. Ban da wasa, ban da kara."

"Yaushe na taɓa yi maka kara?"

"Da na je can, da ban kai labari ba, ko? Ka ga abin da ciyawa ta yi mini a Burnie. Faɗi kawai, ba zan ji haushi ba."

Mossie ya juyo ya dube shi da kyau, ya ga ba wasa yake ba.

"Kai, wai da gaske kake? Duk shekarun nan abin da ke ranka ke nan?"

"Faɗi mana."

"Takalmi ne, wawa. Mu nan ba goge haƙoran ƙasan takalmi muke yi ba don kada tsakuwa ta kwashe mu? Da shi ka hau jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ni ɗan kawuna na Burnie ya ara mini nasa. Bayan ka gudu, wani mutumin Melbourne da ya zo kallo ya shigo ɗakin ya ɗaga takalminka ya juya ƙasansa, sumul kamar tafin hannu. Ya yi dariya har ya zauna. Ya ce wanda ya iya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya da wannan abin a ƙafa, a ba shi takalmi a ga ikon Allah."

"Ƙarya kake."

"Na gaya maka wannan da na zo Kirsimeti, ka ce in daina yi maka ba'a, ka tashi ka fita. Kai suka zo nema, Hedley. Ni cikon mota ne. Kakar farko gaba ɗaya kocin nan Trembath yake kirana, sai ya tuna ya tsuke fuska. Duk ƙarshen kaka sai ya ce, abokin nan naka, tsohuwarsa tana nan da rai?"

Aka ci wata ƙwallo, motoci suka ɗauki oda. Hedley bai ga wanda ya ci ba.

"Can gudu ake yi," ya ce a hankali. "Ni ba ni da gudu."

"Can laka ake yi! Rabin kaka filayen nan kamar garken shanu suke. Masu tsalle irina mu yi ta iyo a ciki. Abin da suke nema ido rufe shi ne mutumin da zai tsaya da ƙafarsa a tsakiya ya ƙi faɗuwa. Na buga da manyansu, waɗanda yanzu aka sa wa rumfunan 'yan kallo sunansu, na hau bayansu, na sha gwiwar hannunsu. Na rantse da kabarin uwata, ba wanda ya kama ƙafarka. Da ka shekara goma sha biyar a can. Da yanzu yara suna sanye da riga mai lambarka."

Da alheri ya faɗa, har idonsa ya kawo ruwa. Ya dafa hannun Hedley yana jin ya sauke wa abokinsa kaya, alhali kuwa ya ɗora masa ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Hedley ya so ya ce ƙarya ce irin ta tsofaffi, amma ya san Mossie tun suna tsirara, bai iya yabo ba ko an biya shi.

Ya dubi filin. Tsakuwa, ruwa, tsaunuka tsirara, hayaƙin da za a kashe kafin bazara. A da in ya dube su yana ganin iyakar abin da Allah ya yanka masa ne, ya kuma gode. Yanzu ya ga wurin da ya ɓuya. Baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne matarsa, ya ji kunyar hakan kuma. Uwarsa ma, da ya jingina abin a kanta, ta mutu tana ba shi haƙuri a kan ta tare masa hanya.

Ya miƙe da ƙyar, ya ce sanyi ya shige shi. Ya bi bayan motoci ya shiga tasu ya rufe ƙofa. Bai daɗe ba Noelene ta zo da gudu, gyale a ka, ta leƙo ta taga da kofin miya.

"Baba, lafiya? Na ga kuna magana. Ka tambaye shi?"

Ya gyaɗa kai.

"To me ya ce?"

"Ya ce da na iya. Ya ce da na fi su duka."

"Ka ji ko!" Ta buga rufin motar don murna, miyar ta zube mata a hannu ba ta ma ji ba. "Ai shi ke nan! Abin da kake faɗa tun kafin a haife ni! Riƙe wannan, bari in je in ga idon Col Pybus."

Ta tura masa kofin ta juya cikin ruwan tana ƙwala wa Col kira. Can ya ji an ɗauki shewa a rumfar, ana kiran sunansa, wasu suka fara danna oda. Hedley ya ɗaga gilashin tagar har sama.