Wandon Dogo

Ranar da gadar ta karye, matar Dogo tana kan keken ɗinki tana haɗa rigunan 'yan makaranta. Kwana uku ke nan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Mijinta direban babbar mota ne, kuma dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinsu, shi ya sa kowa ya manta da sunansa na yanka. Da safe ya fita da lodin siminti, ya ce mata zai dawo kafin rana ta faɗi. Washegari aka ga motar a kife cikin kogi, ƙofar direba a buɗe. Shi kam ba a gan shi ba.

Kafin azahar matan zumuntar coci sun cika gidan. Shugabarsu wata mata ce mai jiki, tana ɗaura agogon maza a hannu, tana kuma duba shi ko gaisuwa take yi, saboda haka ake ce mata Maman Agogo. Ta tsaya a tsakar gida ta ce za a kafa sarƙar addu'a, yadda suka saba in abu ya taso. Mata goma sha biyu, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma, kowacce awa ɗaya a durƙushe a gaban coci, ba wadda za ta tashi sai mai karɓarta ta iso. Ta rubuta jerin a allo da alli. Matar Dogo ta samu ƙarfe biyu.

"Doka ɗaya ce," in ji Maman Agogo. "Muna roƙon Ubangiji ya dawo da shi da rai. Kada in ji bakin kowa ya ambaci mutuwa. Mai son yin kuka ta je bayan gida ta yi, ta wanke fuska ta dawo. Ba a roƙo da baki ɗaya a ƙaryata da ɗayan."

Uwar Dogo, wadda suke zaune gida ɗaya da ita, ta ɗaga hannu sama ta ce amin. Shi kaɗai ta haifa. Yana ɗan shekara shida zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi har likita ya girgiza kai, ita kuwa ta ƙi yarda, ta riƙe ƙafarsa tana addu'a har ya buɗe ido ya nemi ruwa. Ba wanda bai ji wannan shaida daga bakinta ba a cocin, wasu sun ji sau goma.

A rana ta biyar yayar matar Dogo ta zo shagon ɗinki. Shara take yi a babban asibitin garin, ta zo da warin maganin goge ƙasa a jikinta. Ta ture yadin da ke kan benci ta zauna.

"Auta, tsayar da keken nan, ba zan yi gasa da shi ba."

Ta tsayar.

"An kawo mutane daga kogi. Suna ɗakin ajiye gawa. An zo an ɗauki wasu, saura shida ba wanda ya neme su. Tsohon da ke kula da wurin ya ce akwai ɗaya da sai da suka lanƙwasa masa gwiwa kafin ya shiga ma'ajiyar sanyi."

Matar Dogo ta zuba wa allurar keken ido.

"Dogaye suna da yawa a duniya, Yaya."

"Suna da yawa. Ni ma ina fatan na wata ne, Allah ya gafarta mini. Na so in leƙa da kaina, tsohon ya ce sai mata ko uwa ko ɗa, ni tsintsiya kawai aka ba ni. Daga ƙarfe ɗaya zuwa uku suke buɗewa. Kuma ki ji da kyau, kwana goma sha huɗu suke ajiye mutum. In ba a zo ba, su binne."

"Ƙarfe biyu ina coci."

"To Ubangijin naku ba ya jin addu'a a hanya ne? Sai a kan wannan bencin?"

Da yamma tana wanke kwanuka ta gaya wa surukarta, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago kai ba. Tsohuwar ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali.

"'Yata, kina so ki je ki nemi ɗana a cikin matattu?"

"Dubawa kawai zan yi, Mama. Don hankali ya kwanta."

"Hankalin wa? Nawa a kwance yake. Mata goma sha ɗaya sun bar girkinsu da kasuwarsu suna goge gwiwa saboda mijinki, ke kuma ki zagaya ta baya ki gaya wa Ubangiji ba ki yarda da shi ba. In kin taka ƙofar nan, da hannunki kika sa shi a ciki."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Har ta miƙa hannu ta gyara mata ɗankwali. Da faɗa ne, da wataƙila matar Dogo ta samu bakin amsawa. Ita dama tun tana yarinya magana takan maƙale mata a wuya in babba ya dube ta.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Kullum ƙarfe biyu saura kwata ta rufe shago, ta bi ta gefen kwata, ta wuce mai gyaran takalma da ya daina yi mata ba'a tun ranar gadar, ta shiga coci. Wurin ba kowa sai wadda za ta karɓa, da fanka ɗaya mai ƙara, da allon Maman Agogo jingine da bango. Ta durƙusa ta ce, "Ya Yesu, ka dawo da shi." Ta sake faɗa. A karo na uku sai ta ga gwiwoyi a lanƙwashe cikin sanyi, ta runtse ido ta kori hoton, ta roƙi gafara, ta fara daga farko. Wani lokaci awar takan ƙare ba ta faɗi komai ba sai neman gafara.

A rana ta tara ta yi ƙarfin hali ta tare Maman Agogo a bakin ƙofa.

"Mama, ko za a musanya mini lokaci? Ko na safe ne."

"Na safe na masu tafiya aiki ne. Ke da shagon naki ne, wa zai kore ki?" Ta duba agogo, ta dube ta. "Me za ki yi da ƙarfe biyu?"

Matar Dogo ta sunkuyar da kai.

"Ba komai."

"To ba komai ba ya ɗaga jeri. Ki yi ƙarfi, ƙanwata. Na yi mafarki jiya ya shigo cocin nan yana sunkuyawa, muka yi ta dariya."

A rana ta goma sha uku Yaya ta sake zuwa, wannan karon ko zama ba ta yi ba.

"Gobe ne, Auta. Na ga an kawo farin yadi."

"Zan zo."

"Haka kika ce shekaranjiya a waya."

"Zan zo, Yaya."

Da gaske take. Washegari ta rufe shago tun ƙarfe ɗaya, ta koma gida don ta sa takalmin da zai iya tafiya. Sai ta tarar da surukarta a bakin ƙofa, ta yi shirin fita, da sandarta a hannu.

"Yau tare za mu yi awarki," in ji tsohuwar. "Na ga kin rame. Nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa."

Ko ta sani ne, ko tausayi ne kawai, matar Dogo ba ta taɓa ganewa ba. Suka tafi a hankali saboda ƙafar tsohuwar. A coci tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe gam, tafin hannun busasshe mai ɗumi, tana kiran sunan ɗanta tana gaya wa Ubangiji irin kirkinsa, yadda bai taɓa cin abinci bai tambaya ko ta ci ba. Matar Dogo tana jin ƙarar fanka, tana jin lokaci yana tafiya. Sau biyu ta motsa yatsunta. Zare hannu ba wuya ba ne, yaro ma zai iya. Ba ta zare ba. Da mai ƙarfe uku ta shigo, tsohuwar ta share fuska ta ce yau ta ji addu'ar ta hau.

A rana ta goma sha biyar matar Dogo ba ta gaya wa kowa ba. Ta bar shago a buɗe, ta kama hanya. Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba daga coci. Ɗakin ajiye gawar yana can bayan asibitin, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Wani tsoho mai farin gashi yana zaune a kujerar roba yana cire safar hannu.

"Sannu, Baba. Mutanen kogi nake nema."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ke ce ƙanwar mai shara?"

"Ni ce."

"Jiya na ja musu lokaci har ƙarfe huɗu saboda ke. Direban motar ɗaukar gawa har ya zage ni." Ya tashi yana dafa gwiwa. "Zo. Kayansu muna ajiyewa."

Ya shigar da ita wani ɗan ɗaki mai kanta, ya sauko da leda mai lamba huɗu a jiki, ya kwance. Riga ce da laka ta cinye launinta, da bel, da wando. Rigar za ta iya zama ta kowa. Ta ɗaga wandon, ya warware har ƙasa.

Ba a samun wandon da ya kai Dogo a kasuwa. Duk wanda ya saya sai ta farke ƙafar ta ƙara masa tsawon yatsa huɗu. Wannan ta rasa yadi mai launinsa, ta ƙara da ragowar shuɗin yadin 'yan makaranta, shi kuma ya yi ta tsokanarta wai ta mayar da shi ɗan aji uku. Ga shuɗin nan a ƙafa biyu. Ga inda zare ya ƙare mata ta ci gaba da baƙi.

Ba ta yi kuka ba. Kwana goma sha biyar tana koyon riƙewa, ya ƙi fitowa.

"Yaushe aka kawo shi, Baba?"

Ya buɗe wani littafi ya bi da yatsa. "Washegarin da gadar ta karye. Da safe. Masunta suka tsamo shi."

Ta lissafa a zuciyarta. Lokacin Maman Agogo ko allin ba ta ɗauka ba.

"Fuskarsa fa?"

"Ruwa bai daɗe da shi ba. Da kin zo da kin gane shi daga bakin ƙofa." Ya ga yadda ta yi, ya sassauta murya. "Na wanke shi da kyau, 'yata. Na miƙe masa ƙafafu kafin mu naɗe shi."

"Ina kabarin?"

"Bayan gari. Rami ɗaya ne, su shida. Zan iya nuna miki ramin. Wane gefe yake, wannan ban riƙe ba."

Ya ce ta sa hannu a littafin, ta sa. Ya mayar da kayan cikin leda, ita kuwa ta ciro wandon ta naɗe shi yadda take naɗewa in ta gama guga, ta rungume a ƙirji ta fito.

Ƙarfe uku saura minti goma ta isa coci. Mai ƙarfe ɗaya tana nan a durƙushe, ta kusa awa biyu, tana jujjuya gwiwa. Maman Agogo tana tsaye da uwar Dogo, an aika an kira su.

"Ina kika shiga?" in ji Maman Agogo. "Kin san abin da kika kusa yi? Da baiwar Allahn nan ta tashi, da sarƙar ta tsinke. Kwana goma sha biyar ba mu..."

Matar Dogo ta wuce ta. Ta shimfiɗa wandon a kan bencin gaba, ƙafafun suka zarce bakin bencin suna lilo.

Tsohuwar ta matso tana dogara sanda. Ta tsaya. Ta sa yatsa a kan shuɗin yadin, ta bi ɗinkin har inda zaren ya koma baƙi. Ita ce ta riƙe mata fitila ranar da ta yi shi. Ta ɗago ta dubi matar ɗanta.

"Ina yake?"

"Sun binne shi jiya, Mama. Ƙarfe huɗu. Tun washegarin karyewar gadar yake can yana jiranmu."

Ba ta taɓa yi wa surukarta magana mai tsawon haka tana kallon idonta ba. Tsohuwar ta zame ta zauna a ƙasa, sandar ta faɗi ta yi ƙara. Maman Agogo ta ɗaga hannu za ta duba agogo, ta fasa, ta rufe shi da ɗaya hannun.

Matar Dogo ta taɓa kafaɗar mai ƙarfe ɗaya. "Tashi, 'yar'uwa, ki huta. Saura minti biyar a awata."

Ta durƙusa inda ta saba. Fanka tana ƙara a sama. Ta yi magana a fili, ba ta damu da wanda ke ji ba.

"Ya Ubangiji, kai ka san inda yake tun farko. Kullum ina zuwa nan, kana kallona. Ka aiko Yaya sau biyu, na ji, ban tafi ba. Ban san ko da kai nake fushi ba, ko da su, ko da kaina. Fuskarsa kawai na so in gani. Yanzu ban san abin da zan roƙe ka ba. Ka san gefen da yake kwance, ni ban sani ba. Ka riƙe mini wannan."

Ba wadda ta ce amin. Mai ƙarfe uku ta shigo da sauri tana gyara mayafi, tana ba da haƙurin latti, sai ta ga wandon ta tsaya cak. Matar Dogo ta tashi, ta ɗauki sandar ta sa a hannun surukarta, ta kama ta ta ɗaga.

"Mu je, Mama. Tsohon ya ce zai nuna mana ramin kafin ya tashi aiki."