Kabarin Ma Ionie

Garin Petite Saline layi ɗaya ne, dutse a bayansa, teku a gabansa. Lokacin da aka 'yanta bayi, masu gonakin rake sun riƙe duk ƙasa mai kyau, suka bar wa mutane yashin bakin ruwa. Nan suka yi gidaje, nan suke binne matattunsu. Cikin shekara shida teku ta cinye layi uku na maƙabartar, kuma kabarin Ma Ionie, mahaifiyar Osbert Lendore masunci, shi ne na gaba.

Wata huɗu Osbert yana zarya wurin Fada, limamin coci, kafin a ba shi ɗan wuri a bayan cocin, can kan tudu. Yayarsa Verlyn ta taso tun daga Ingila don a mayar da ƙasusuwan a gabanta. Ta ce ba za ta iya kallon tonon ba, za ta jira a bakin hanya.

Da safe, da ruwa ya janye, ya sauka da abokinsa Telfer, da shebur biyu da ƙaramin akwatin da ya haɗa da ragowar katakon jirgi. Ya zuba giyar rake a kusurwa huɗu na kabarin, ya bi da ruwa, ya nemi izinin tsohuwar.

"Ka rage mana kaɗan, malam," in ji Telfer. "Ma Ionie ko tana da rai ba ta sha haka ba."

Suka ɗaga murfin siminti. Yashin sama busasshe ne. Da ramin ya kai gwiwa sai ya jiƙe, da ya kai ƙugu shebur ya zurma babu abin da ya tare shi. Ƙaguwa suka watse. Osbert ya durƙusa yana laluben ruwan gishiri da hannu, har kafaɗa. Teku ta daɗe da shigowa ta ƙarƙashi. Abin da ya samu ƙusa biyu ne masu tsatsa da guntun katako.

Telfer ya daina wasa. Ya ce gara a gaya wa Verlyn gaskiya. Osbert ya dubi hanya. Tana tsaye cikin farar riga da hular coci, ita da ba ta samu zuwa jana'izar farko ba, shekara sha tara ke nan tana cizon yatsa.

Ya ɗebo duwatsun bakin ruwa, ya naɗe kowanne da tsumma don kada su yi ƙara, ya jera su a akwatin, ya buga ƙusa.

Da suka hauro, Verlyn ta ɗora tafin hannunta a kan murfin.

"Duk kun same ta?"

"Duka, Yaya."

Ta ce a ba ta gefe ɗaya, ita ma za ta ɗauki uwarta. Telfer ya sakar mata, ya koma baya yana kallon ƙasa. Suka kama hawan tudun a hankali, tana yi wa akwatin magana ƙasa-ƙasa, tana ba shi labarin jikoki.